Ramin da Ke Kashe Bijimai

Ƙanena Tirofimus marini ne, kuma tun yana yaro bakinsa ya fi hannunsa aiki. Da ya shiga addinin Almasihu sai abin ya ci tura, wai Ruhu ne ke magana ta bakinsa. Ni ban bi shi ba, amma ni na goya shi, don haka da aka ce ga shi can yana tada ƙura a dandalin haikali sai na yar da tulu na ruga.

Ranar hadaya ce. A garinmu ba a sa wa bijimi wuƙa. Jan sa ake yi zuwa ramin da ke ƙarƙashin haikali, inda ubangijin matattu ke fitar da numfashinsa. Bijimi ya yi tangaɗi ya faɗi matacce, firist ɗin da ya ja shi kuwa ya fito garau, ya faɗa wa jama'a abin da shekara za ta zo da shi. Manes, babban firist, bai gama maganarsa ba ƙanena ya katse shi.

"Ƙarya kake, tsoho! Aljani ne ke hawanka kana kumfa. Wanda Allah na gaskiya ya yi wa wahayi, da hankalinsa yake magana!"

Manes ya kwashe da dariya. "Ku ji mai shuɗin hannu! Sama ta rasa bakin da za ta ara sai na marini? To ga rami nan, annabi. Ni yanzu na fito. Shiga ka fito, mu bi ka."

Kafin ya amsa, dutse ya fasa masa gira. Jama'a suka rufe shi da duka, wani na tattaka masa haƙarƙari, wani na jan gashinsa. Na faɗa kansa ina ihu, "Ku bar shi, taɓaɓɓe ne! Tun yana goye yake haka!" Wani ƙato ya haure ni a ciki, na gangara na faɗi rub da ciki a kan matakalar ramin.

Tirofimus ya miƙe yana tofar da jini. "Yaya, har da ke?" Ya tsallake ni ya sauka da ƙafarsa.

Daga inda nake kwance na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. Numfashin nan mai kisa tururi ne da ke kwance a ƙasa, bai wuce gwiwa ba. Bijimi da kai a ƙasa yake shiga, firistoci kuwa kullum ƙyam suke tafiya, hanci a sama. Ga ƙanena tsaye a tsakiyar ramin, da ransa. Fuskar Manes ta koma kamar toka. Daɗi ya kama ni har na fara kuka.

'Yan'uwansa Kirista suka ɓarke da waƙa. Shi kuma wawan nawa, maimakon ya fito, sai ya yi abin da suka saba in za su gode wa Allahnsu: ya durƙusa, ya sunkuyar da kai.

"Tashi! Tirofimus, tashi tsaye!"

Waƙa ta danne muryata. Ya kife, ƙafafunsa suka yi ta shure-shure, suka daina.

Da ƙugiyar jan bijimai aka fito da shi, ta tsaga masa kafaɗa. Masu bin Manes na tsalle, wai ubangijin matattu ya shaƙe maƙaryaci. Kirista na ƙwace gawar, wai annabi ne ya cika yana addu'a. Aka kaure da sanduna a kansa, ana ja ana yage masa riga. Da ƙyar na samu ƙafarsa ɗaya na rungume, da ɗuminta.

Wata tsohuwa daga cikin Kiristan ta dafa ni, fuskarta sai sheƙi take. "Yi murna, 'yar'uwa, ya samu rabo."

Na wanke ta da mari har haƙorinta ya yanke ni, ban ma ji ba.