Buhu Biyu a Kujerar Direba

Tun da yayata MaNyathi ta rasa mijinta, motarsa ta ƙi ta. Tsohuwar mota ce ja mai kujera biyu, ba rufi, duk unguwarmu a Bulawayo an san ƙararta. Da yayata ta hau kwalta sai motar ta riƙa janta gefe, ta yi ta kokawa da sitiyari har kafaɗa ta yi tsami.

"Hannuna ne ya tsufa," ta ce. "Gobe mai saye zai zo."

Raina ya ɓaci. Matar da ta ƙare ƙuruciyarta a kujerar gefe tana riƙe wa marigayi hula, yau tuƙi ya zo hannunta ta ce wai tsufa? Na tasa ta gaba sai garejin Mhlanga, tsohon bakaniken motar, ya sake saita tayoyin gaba.

Mhlanga da zare yake auna saitin tayoyi. Ya ja shi a kowane gefen motar, sannan ya kinkimo buhun garin masara biyu ya jibge a kujerar direba.

"Baba Mhlanga, tuwo za a tuƙa?" na tambaye shi.

"Nauyin mai motar ne, 'yata. Motar ba ta da nauyi, sai da nauyin direba ake saita ta. Marigayi ba ya iya zama wuri ɗaya, shi ya sa kullum buhu biyu nake sawa a madadinsa."

"To yanzu wane ne mai motar?" na ce.

Ya yi tsaye da sifana a hannu. Can ya cire hula, ya sauke buhunan da kansa.

"Mama, ki gafarce ni. Shiga ki zauna."

Yayata ta shiga tana share ido. Daga ƙarƙashin mota muka ji shi: "Kai, Mama, ko buhu ɗaya ba ki kai ba! Ba a ba ki abinci ne?" Ta yi dariyar da rabona da jinta tun kafin rasuwar.

A hanyar komawa ta sassauta riƙon sitiyari, motar ta miƙe sambal. Muka zo kwanar gida, ta wuce, ta ƙara giya.

"Yaya, mai sayen fa?"

"Ki ce masa mai motar ta fita."