Numfashi a Cikin Oba-oba

Babbar oba-obar garin a rumfar bandar kifin Araba take, don rumfar ce a kan tudu, nan aka kafa doguwar eriya. Ƙananan da masunta ke ratayewa a wuya ba su da dogon zango. Wanda ya lula cikin teku Araba kaɗai ke jin sa, ita kuma in ta yi magana kowane jirgi na ji. Aikinta ke nan, tana juya kifi tana isar da saƙo.

Ta cikin wannan akwatin ta ji mijinta Fiifi yana mutuwa, bara waccan. Injinsa ya tsaya, ruwa na shiga jirgi, yana ta kiran wani masunci, Ebo, don har tutar jirginsa yake hangowa. Shi kuwa Ebo ya faɗa kan garken kifi, kuma halin mutanenmu ne, in mutum ya samu kifi sai ya yi gum kada a san inda yake. To amma ai ba a yin gum a kan rai. Araba ta ji an danna madannin magana, ta ji numfashin mutum mai shaƙe-shaƙe irin na ɗan taba, sannan aka saki. Kafin mutanen da ta tura daga gaɓa su isa, jarkoki kawai ke yawo a kan ruwa.

A gaban sarkin masunta Ebo ya ce batirinsa ne ya yi sanyi. Shi ke nan fa, aka ce ƙaddara. Da kifin wannan kakar ya sa aka sassaƙa masa sabon jirgi, ya sha fenti ja da rawaya, ya ɗaura masa inji fil a kwali. Don tsabar rashin kunya, duk ya wuce ta gaban rumfa sai ya ce, "Maame Araba, ya hayaƙi?" Takan amsa da lafiya. Ta tsane shi, tsanar da ko tuwon dokunu take ci ta tuna shi sai ya tsaya mata a wuya.

Ranar wata Litinin da azahar, jirage na hanzarin cika ciki don gobe Talata ba a shiga teku, akwatin ya yi ƙara.

"Tudu, tudu, Ebo ne. Injina ya mutu, katako ya tsage, ruwa na shigowa. Muna gabas, bayan duwatsu. Tudu, kina ji na?"

Da safe da bakinsa ya shaida wa kowa yamma ya nufa, don kada a bi shi. Ga shi a gabas can ƙurya, inda ba mai jin sa sai ita.

Araba ta goge hannu a zane. Ta ɗauki abin magana, ta danna madanni, ta ja numfashi a hankali ta sauke, sannan ta saki. Ta koma kan murhu ta ci gaba da juya kifinta ɗaya bayan ɗaya.

Da muryar Ebo ta dawo, duk izzar ta zube.

"Maame Araba. Na san ke ce."

Ta ƙara itace a wuta.

"Na ji Fiifi ranar, na ji. Ki yi mini duk abin da kika ga dama in na dawo. Ruwa ya kai gwiwa."

Wallahi ta ji daɗi, ba za a ɓoye ba. Ta zauna a kan turmi tana saurare. Ta ji yana ba da umarni a zubar da kifin. Ta ji an yanke taru an bar wa teku. Can ta ji ya ce a kwance injin a jefa, ko jirgin ya ɗan ɗago.

"Yaya Araba," wata murya ce daban, "Ato ne, mijin Ekua. Ni ban yi miki komai ba."

Nan ne hannunta ya tsaya. Ekua na can ƙasan tudu tana wanke kwanduna, da ciki haihuwa yau ko gobe, tana ɗaga kai tana duban ruwa. Araba ta san irin wannan duban. Ta danna madanni, wannan karon ta yi magana, ta kira Kwamena ƙanin Fiifi, ta gaya masa ya juya gabas bayan duwatsu, jirgin Ebo na nitsewa.

"Na wa?" in ji Kwamena.

"Ka ji ni sarai. Ka kwaso mutane."

Ya kwaso su duka, a jiƙe, suna karkarwa. Jirgin kam ya riga ya cika ya kife, ba ya jawuwa, Kwamena kuma bai ko nemi igiya ba.

Ranar Talata aka taru a ƙarƙashin rumfar sarkin masunta. Mutanen Ebo sun yi ƙorafi cewa sun daɗe suna kira, da an amsa da wuri da jirgi bai tafi ba. Sarki ya juya ga Araba.

"'Yata, me ya faru?"

"Batirina ne ya yi sanyi, Egya," ta ce, tana kiransa uba da yarenmu, idonta a kan Ebo.

Wasu suka fara gunaguni, don kowa ya san batirinta na mota ne, rana ke cika shi. Sarki ya tambayi Ebo ko yana da ja. Ebo na zaune a ƙasa cikin rigar aro, ba jirgi, ba taru, ba inji.

"Ba ni da ja," ya ce. "Batir yakan yi haka."