Tauren Lami Ya San Hanyar Gida

Ni Hassana, kowa a Ƙofar Kuyambana ya san ina kiwon awaki, kuma ya san bakina ba ya shiru. Mijina Malam Bahago yana da 'yar'uwa Kirista, Lami, da ke zaune a bayan ganuwa. Kakanninsu wa da ƙane ne: ɗaya ya bi 'yan mishan, ɗaya ya tsaya a kan allonsa. Dangi duk sun watse da juna, saura zare ɗaya. Duk Kirsimeti Lami takan kira Malam ya yanka mata dabba, don in ta dafa ta aiko, ya iya ci. Mu kuma da Layya cinyar rago tata ce.

Bana sai ga ɗanta Adamu ya dawo daga Legas da sabon coci da sabon zafi. Lami ta zo mini ido ya yi ja.

"Matar Yaya, yaron nan ya ce bana shi zai yi yanka. Wai garin ya cika da addinai iri-iri, kowa na nuna nasa, mu kaɗai ne muke aron hannu ranar bikinmu."

Gaskiya maganar yaron ba ta hauka ba ce, amma ni haushi ta ba ni. Na san halin mijina. Ba zai ce uffan ba, sai dai kwanon Lami ya koma mata a rufe yadda ya zo, kuma daga ranar shi ke nan. Abin da take tsoro ke nan, ta kuma faɗa da bakinta.

Na ce, "Kin sayi dabbar?"

Ta ce a'a.

Na leƙa garke na nuna mata wani jan taure, wanda a ɗakin girkina aka haife shi. Ko ina ya je yawo, da ya ji yunwa a gindin turmina za a same shi. Lami ta kalli tauren, ta kalle ni, sai ta rufe baki da gyale tana dariya.

Ana gobe biki aka kai shi gidanta. Na ce kada ta ba shi ko dusa, kuma ta ɗaura igiyar sako-sako, ɗaurin tsofaffi.

Da safe ina shara sai na ji ihun yara daga bakin ƙofar gari. Taure ya shigo zaure a guje yana jan igiya, ya wuce Malam da ke lazimi, ya zarce gindin turmi. Can sai ga Adamu, da fararen kayan coci, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, yana haki kamar wanda ya yi dakan gero. Lami ta sauko daga acaɓa a bayansa, tana salati irin nasu, wai ita mamaki take yi.

Adamu ya durƙusa. "Kawu, ina kwana."

Malam ya amsa, ya tambayi Legas, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, bai bar ko ɗaya ba. Ni ina bayan labule kamar in fashe.

Da yaron ya samu numfashi ya ce, "Kawu, ba raini ba ne. Bana ni nake so in yanka. Bikinmu ne."

Na zaci Malam zai ɓata rai. Sai ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da wuƙar Layyarsa, ya miƙa masa ta ƙota.

"Dabbarku ce, bikinku ne. Ungo, ta fi taku kaifi. Allah ya sa a ci lafiya." Ya juyo wajen labule. "Hassana, yau a kaɗa mini miyar kuka."

Nan dariyata ta tsaya. Ban shirya wannan ba. Lami ta zauna a dakalin zaure, ba ta roƙi kowa ba, hawaye kawai ke zuba. Tausayinta ya kama ni har na ji kunyar wayona.

Adamu ya daɗe yana kallon uwarsa. Ya juya wuƙar a hannu, ya mayar wa Malam.

"Kawu, ku yanka. Amma ni zan riƙe ƙafafu, kuma sai na yi addu'ata tukuna."

"Yi abarka," in ji Malam. "Taure ba ya sauri."

Yaron ya runtse ido ya yi addu'a irin ta Legas, doguwa, har tauren ya cinye gefen tabarma. Malam ya jira shi tsaf, sannan ya fuskantar da dabbar alƙibla ya yi bisimilla.

Da la'asar Adamu da kansa ya kawo kwanon. Ya ajiye zai tafi, Malam ya ce ya wanke hannu ya zauna. Suka ci tare a zaure, ƙofa a buɗe, masu wucewa na gani. Ni kuwa miyar kukar da na kaɗa, ni kaɗai na sha abata.

Da na leƙo karɓar kwano, Adamu ya ce, "Inna Hassana, baɗi ma a wajenki Mama za ta sayi taure?"

Na ce sai yadda Allah ya yi.

"To ki zaɓo mana gurgu," in ji shi. "Zan kawo shi da kaina, ba sai na yi gudu ba."