Balan-balan Rawaya a Mararrabar Gonar Clarrie

…kuma a rasa launin da yarinya za ta so sai wannan. Ga ja, ga shuɗi, ga kore. A'a. Rawaya.

Clarrie yana tsaye inda hanyar gonarsa ta rabu da babban titi, jikin tsohuwar garwar madarar da ya mayar akwatin wasiƙu. Leda a hannu. Balan-balan a ciki, ba a hura ba, zafi ya manne su da juna. Yau jikarsa Tahlia ke cika shekara biyar. Baƙi suna tafe daga Adelaide, mutanen birni, in ba a rataya musu alama ba sai su zarce har iyakar jiha.

"Baba, ka ɗaura su inda za a gani, ka ji? Ban da tsayawa hira da tumaki." Kerryn ke nan, 'yarsa, ɗazu da safe, hannunta duk gari. "Ko numfashin ya ƙare ne in ba ka famfo?"

Ya ce yana da numfashi. Iyakar abin da ya ce ke nan.

To da me zai ce? Ta ina ake farawa?

Yana hura ta farko. Ɗacin roba a harshe — wannan ɗacin dai, bai canza ba… ɗakin taro na kulob ɗin ƙwallo, maza a jere kan benci, masu askin tumaki, masu tuƙa tarakta, ƙarti da wuya kamar na sa, kowa kumatu a kumbure yana hura balan-balan kamar yaro. Ba mai dariya. Wani ya hura har jiri ya kwashe shi, aka zuba masa ruwa, ya tashi ya ci gaba.

Wes. Ɗansa. Shekara huɗu, gajeren wando, ƙafa ba takalmi. Lokacin girbin alkama ne, kowa yana gona. Ya bi kare ta ƙarƙashin wayar shinge. Karen ya dawo.

Karen ya dawo, ya sha ruwa, ya kwanta.

Jejin Mallee kuwa — gajerun itatuwa, duk kamarsu ɗaya, babban mutum ma in ya juya sau biyu gabas ta ɓace masa. An yi kira har muryoyi suka dushe. Malamar makaranta ce ta ce a daina ihu. Ƙaramin yaro in ya ji baƙuwar murya ɓuya yake yi, in ji ta, sai ku wuce ta gabansa yana kallonku. Amma balan-balan… wane yaro ne zai ga balan-balan bai fito ba? Kulob yana da kwalaye cike da rawaya, launin rigarsu, ragowar bikin cin kofi. Aka bi waya ana ɗaurawa. Kowace ƙofar gona, kowane akwatin wasiƙu, bakin jeji kaf. In ka hau tudu sai ka ce ƙasar duka biki take yi.

Ta biyu. Yatsun nan ba sa son ƙulli yanzu. Kama, ja, zagaya — ta suɓuce, ta tashi tana tusa a iska, ta faɗi cikin ciyawa. Da Wes ne da ya ƙyalƙyale. Da ya… a'a. Mutum ne mai furfura yanzu, in yana nan. Mai tumbi wataƙila. Yaya fuskarsa za ta kasance? Ba ta zuwa. Kullum sai ta tsaya a shekara huɗu, da majina a hanci.

Rana kuma ta dinga fasa su. Fas! Sai kowa ya ruga, wai ko yaron ne ya taɓa. Fas! a can wani gefen, a sake rugawa. Rana ce kawai. An daɗe bayan nan yana zuwa gyaran waya yana tarar da guntun roba a maƙale, ya koɗe, ya yi kamar busasshiyar fata. Aljihu yake sa su. Me ya sa aljihu? Ina zai kai su?

Daga nan ba a ƙara hura rawaya a garin ba. Ba taro aka yi ba, ba wanda ya ce a daina. A yi aure da fari, a yi bikin yara da ja, kulob ma ya canza riga a shekara ta gaba, shiru. Mai kanti bai sake saro rawaya ba har ya mutu. Kerryn bayan abin aka haife ta. Ta san hoton da ke kan kabad, ta san ta yi yaya namiji. Ba ta san wannan ba. Abin da ba a yi, yaushe yaro zai lura ba a yin sa? A birni ta sayo su, da murnarta.

Ƙarar mota. A-kori-kurar Lofty ce, maƙwabcinsa, tana rage gudu, kai a waje tun daga nesa.

"Kai, tsoho! Aure za ka ƙara ne ba mu ji ba? Wace marar ido ce ta—"

Sai ya ga launin. Injin yana ta kaɗawa shi kaɗai. Lofty ne wanda jiri ya kwashe a ɗakin taron nan.

"Na yarinyar ne," in ji Clarrie.

"To." Lofty yana kallon sitiyari. "Matata Bev ta kira. Sun gama gyaran gashin, sun taso daga gari. Noelene tana gaban mota, Clarrie."

"Na sani."

"In ba ka wuƙa?"

"Ina da wuƙa."

Ya tafi a hankali, ko ƙura bai tayar ba.

Noelene. Matarsa, uwar Wes. Shekara da shekaru kullum la'asar sai ta bi wayar nan da ƙafa, ta tsaya inda karen ya ɓullo, ta dawo ta ɗora tukunya. Da rani da damina. Shi yana biye da ita daga baya, ba magana. Hirarsu ke nan. Sai bara kanta ya fara zubar da abubuwa — sunan kaji, inda ake ajiye gishiri, ranar Lahadi. Wata la'asar ba ta tashi ba. Ta dube shi daga kujera, fuska sake, ta ce, "Wes ya ci abinci?"

Ya ce ya ci.

"Madalla." Ta ci gaba da kallon tsuntsaye.

Likita ya ce ciwo ne, zai yi ta gaba. Ciwo? Matar da yanzu take dariya har da riƙe ciki? Ta yi ƙiba. Tana barci har rana ta fito. A wurinta yaron yana bayan ɗaki yana wasa, ko yana gidan Bev, ko yanzu-yanzu ya fita. Bai ɓace ba. Ba a taɓa hura komai ba.

In ta gani fa?

Wataƙila ba komai. Ta ce kai, sun yi kyau, bikin wa ake? Wataƙila kuma… ƙofar tunaninta ta buɗe. Ta buɗe gaba ɗaya, sabo fil, kamar yau karen ya dawo. Ta fito daga mota da sabon gyaran gashi tana kiran suna, ga baƙin birni da kwalayen kyauta, ga Tahlia da rigar biki. Kuma ta manta zuwa dare, gobe wani abu ya sake tuna mata, ta sake rasa shi. Sau nawa uwa za ta rasa ɗa guda?

A yanke. Abu mai sauƙi. A rataya tsohuwar riga ja a jikin garwa, mutanen birni su gane. A ce wa Kerryn rana ta fasa su. Sauran balan-balan ɗin da ke baranda fa? A ce — a faɗa mata. A buɗe baki a faɗa, tunda akwai numfashi.

To me ya sa hannu yake ta hurawa? Ta nawa ce wannan? Ledar ta kusa ƙarewa. Wa ya ce a hura duka?

La'asar ɗin nan… shi kaɗai yake bin wayar yanzu. Ya tsaya a wurin, ya dawo, ta tambaye shi ina ya je. Duba tumaki. Shi kaɗai. Lofty ya sani, amma Lofty ba ɗansa ba ne. Yaron ya ɓace sau ɗaya a jeji, yanzu yana ɓacewa a cikin kanta, a hankali, tana murmushi — in Clarrie ya kwanta dama, wa zai san akwai wanda bai dawo ba?

Ashe so yake ta gani?

A'a. Haba. Wane irin mutum ne zai…

Gwiwarsa ke ciwo. A durƙushe yake. Yaushe ya durƙusa? Yana duba aikin hannunsa: ba ko ɗaya a jikin garwar. Duk a waya suke, wayar ƙasa, a jere, daidai gwiwar babba. Haka malamar ta ce a yi wancan karon, ƙasa-ƙasa, daidai idon yaro. Kuma ba titi suke fuskanta ba. Jeji suke kallo.

Can ƙarshen titi wani abu yana ƙyalli. Farar motar Bev ce, ba ta gudu, Bev ba ta taɓa gudu ba. Kawuna biyu a gaba. Wuƙar tana hannunsa, a buɗe — yaushe ya buɗe ta? Igiya ce kawai, ja ɗaya ta tsinke.

Fitilar shan kwana ta motar ta fara ƙiftawa.

Tashi, Clarrie. Tashi mana…

Gwiwar ta ƙi.