Hankaka Ya Ƙi Sauka

Curin shinkafa uku a kan dutse, an barbaɗa musu baƙin riɗi, ga hankaki fal a bishiyar bakin kogin Godawari, amma ko ɗaya ya ƙi sauka. Hankakin da ke fizge gurasa a hannun mutum da rana tsaka!

A garinmu kowa ya san ma'anar wannan. Ranar da mamaci ya cika kwana goma, in hankaka ya taɓa shinkafarsa, ransa ya saki duniya ke nan, ya kama hanyar sabuwar haihuwa. In ya ƙi, to akwai abin da ya riƙe mamacin. Wata tsohuwa mai suna Shewanta ce ta rasu, kuma ga rana ta take, baiwar Allahn nan ba ta tafi ba.

Guruji, mai jagorantar addu'ar, ya share gumi ya dubi 'ya'yanta. "Tana da sauran magana. Ku yi mata alkawari."

Nitin, babban ɗanta, ya matso da askin makoki ƙwal a kansa, ya haɗa tafuka, ya kira uwarsa yadda suka saba kiranta. "Ayi, zan gyara rufin ɗaki kafin damina." Hankaka bai sauko ba. "Zan riƙa zuwa daga birnin Pune duk wata."

"Kai dai faɗi wanda za ka iya," in ji ƙanwarsa Manda. "Ayi ta san halinka tana raye, balle yanzu."

Ita ma Manda ta gwada. Ba za a sayar da saniya ba, ba za a bar shukar tulsi ta tsakar gida ta bushe ba. Wani hankaka ya sauko, ya karkata kai ya leƙa shinkafar, ya yi firr ya koma.

Can gefe a kan matakala mijin marigayiyar, tsoho Baburao, yake zaune ya rungume gwiwa. Tun ranar da aka ƙona gawarta bai sa komai a ciki ba sai ruwa, kuma da dalilinsa. Auren da aka ɗaura a gaban wuta, rayuwa bakwai yake kaiwa. Shewanta takan tsokane shi, ta ce, "Wannan ce ta bakwai, daga ita na huta da munsharinka." Shi kuwa ya ce, "Ta farko ce, sai haƙuri." Yanzu wasa ya zame masa tsoro. In ya daɗe a nan, za a haife ta a wani gari, ta girma, ta yi gida da wani, shi ko rarrafe bai fara ba. Don haka sauri yake ya cim mata.

"Baburao, saura kai," in ji Guruji.

"Ni ba ni da abin faɗa mata."

Manda ta tsuguna a gabansa. "Baba, karen maƙwabta har ƙiba ya yi a kwanakin nan. Ka ɗauka ban ga inda abincinka ke zuwa ba? Ita ma ta gani."

 Can tsoho ya dafa sanda ya taka zuwa dutsen, ya durƙusa da ƙyar, ya yi ƙasa da murya yadda yake yi in yara sun yi barci.

"Ke dai ba ki sake hali ba. Kin mutu ma sai kin juya ni. To, na ji. Zan ci. Amma ki tafi a hankali, kin san ƙafata."

Bai gama miƙewa ba hankaka ya dira, ya kai wa curin sara, sauran suka rufa masa baya.

"Ta tafi!" in ji Nitin, har da ajiyar zuciya. Manda ta fashe da kukan daɗi. Guruji ya fara tattara kayansa.

Kowa ya ji sanyi ban da Baburao. Sai yanzu ya gane cewa tun safe tana nan kusa da shi, a bakin kogin nan, kuma da bakinsa ya sallame ta. Kaico, da ya ja mata rai ko zuwa yamma.

Da kwanakin makoki suka ƙare, Nitin ya koma Pune, Manda ta koma gidan mijinta. Baburao ya hura wuta da kansa, ya kwaɓa garin dawa, ya gasa gurasa mai kauri, gefe ɗanye gefe ƙonanne. Ya gutsuri kaɗan ya ɗora kan katanga, ya zauna yana jira. Babu abin da ya sauka.

Ya jawo kwanon ya cinye sauran tas, har da ƙonannen.