Shekarar da Banki Ya Janye Hannu

Muttaka manomin aya ne a Gangara. Har yau in aka yi zancen banki, Abdulƙadir yake tunawa, ma'aikacin da ke zuwa daga Maraɗi a kan tsohuwar moto, wato babur. Mutumin nan ba ya yanke maganar rance a buro, wato ofis. Sai ya tako gona, ya damƙi ƙasa ya murza, ya sha furar Maijidda matar Muttaka, kana ya ce, "Malam Muttaka, bana ka ƙara fili, ni na tsaya maka." In damina ta gaza, ya ɗaga wa mutane ƙafa har wata kaka.

Ana nan sai aka sayar da bankin ga wasu attajirai na ƙetare. Da fari kowa ya yi murna, don rance ya yalwata. Muttaka ya sayi shanun huɗa, ayarsa na tsallakawa Najeriya buhu-buhu.

Wata shekara, dab da shuka, Muttaka ya je banki neman rancen kuɗin takin zamani. Abdulƙadir ya ja shi waje, gindin dogon yaro.

"Bana babu, Malam."

"Na taɓa saɓa muku alkawari?"

"Ko sau ɗaya. Masu bankin ne suka tafka asara can ƙasarsu, suka ce a tsayar da rancen manoma ko'ina."

"To, su sun san Gangara?"

Abdulƙadir ya sunkuyar da kai. "Wallahi ni kaina ban taɓa ganin fuskarsu ba."

Muttaka ya komo gida. Ya sayar da sa guda ya sayi taki, ya shuka aya a rabin gonar, sauran ya zuba hatsi. Ba a yi yunwa a gidan ba, amma gonar ba ta sake cika da aya ba. Da bankin ya dawo da rance daga baya, bai koma ba, ya shiga asusun manoman garinsu.

Yanzu Abdulƙadir ya yi ritaya, yana zaune garin Gazawa. Ran kasuwa sukan haɗu da Muttaka a rumfar wani mai shayi, su yi ta ambaton manoman da suka sani, da yawansu sun rasu, har la'asar ta yi su tashi salla.