Sa Hannun Bai Zapryan

"Ɗaga ni kaɗan," in ji dattijon da ake kira Bai Zapryan, wato Baba Zapryan. "Ba zan karɓi hukuma a kwance kamar buhun dankali ba."

Velichka ta ƙara masa matashi a baya, ta gyara masa wuyan riga. Ɗalibai biyu na tsaye a bakin ƙofa, Desislava da Kalin, 'yan ajin ƙarshe a sashen shari'a. Notari, jami'ar da sai a gabanta sa hannu ke zama doka, ta zauna a kujera ɗaya tilo da ke ɗakin.

Velichka maƙwabciyarsa ce, tana zaune a hawa na huɗu a benen da ke kallon gidansa. Tun da aka rufe kamfanin ɗinkin da take aiki, su biyu ke dafa lutenitsa, miyar gasasshen tattasai da tumatir, a kicin ɗin bayan gidansa, suna ɗurawa a kwalabe. Shi ke kula da wuta, ita ke ɗanɗanawa. Wasu shaguna a birnin Plovdiv sun ce za su saya, amma sai da rajista. A rediyo ta ji cewa ɗaliban shari'a na taimaka wa masu sabuwar sana'a kyauta, malaminsu na duba aikin.

Ɗaliban suka yi wa kamfanin rajista da sunanta. Kalin ne ya hango matsalar. Kicin ɗin na tsohon ne, ɗansa Rumen da ke Jamus kuwa ya daɗe yana son a sayar da gidan. Idan tsohon ya ba ta hayar kicin a gaban notari, duk wanda ya gaji gidan ko ya saya ba zai iya korarta ba sai wa'adi ya cika. In babu wannan, babu kicin, babu izinin hukumar abinci. Kafin ranar zuwa ofishin notari, ciwon hanta ya kwantar da shi.

"Sunanka, yallaɓai?" in ji notari.

"Zapryan. Da shi ake kirana tun kafin a haifi ubanki."

"Ina muke yanzu?"

"Ke kika zo gidana, ni kike tambaya?"

Kalin ya danne dariya.

"Wannan matar fa, ka san ta?"

Tsohon ya juya ya daɗe yana kallon Velichka. Fuskarsa ta saki.

"Yaya ba zan san matata ba? Nedyalka ce."

Nedyalka ta rasu shekaru da dama da suka wuce. Velichka na cikin matan da suka yi mata wanka.

Notari ta rufe biro. "Yau ba zai yiwu ba."

A tsakar gida Desislava ta riƙo hannun Velichka, wadda suke kira Lelya, wato inna. "Lelya Velichka, allurar rage zafin da ake masa ce. Da safe hankalinsa yakan dawo. Ki zauna da shi, ki tuna masa ke wace ce. Mun roƙi notari, za ta dawo jibi."

"In na ce ni Velichka ce, sai ya tambaye ni ina Nedyalka."

"Sai ki faɗa masa gaskiya, Lelya," in ji Kalin. "Ai ba ƙarya muka ce ki yi ba."

"Ka taɓa binne wani naka, lauya?"

"A'a."

"Na gani. Ɗauki kwalba biyu ka tafi da su, duk ka rame."

Washegari ta shiga ɗakin da maganar a shirye, don sai da ta maimaita ta a matakala. Ta buɗe taga, ta zauna a gefen gadon.

"Ina kika shige duk tsawon nan?" in ji shi. "Ko safata ban san inda kika ajiye ba."

"Bai Zapryan, ka dube ni da kyau."

Ya kama wuyan hannunta. Yatsunsa babu nauyi.

"Mafarki na yi kin mutu. Dogon mafarki, na banza. Har wake na koyi dafa wa kaina." Ya yi dariya, tari ya katse shi. "Wannan ta benen, Velichka, ita ta riƙa leƙo ni. Gishiri yakan yi mata yawa, amma mutuniyar kirki ce. Ki kai mata wani abu."

Velichka ta dubi hannun da ke kan nata.

"Zan kai mata," ta ce.

"Ba za ki sake fita ba ko?"

"Ina nan."

Da ya yi barci ta kira Desislava, ta ce a gaya wa notari kada ta wahalar da kanta.

"Lelya, kin san abin da hakan ke nufi?"

"Kun yi min bayani, 'yata. Na gane tun na farko."

Ranar Lahadi da rana tsohon ya cika, yana kiranta da sunan da ba nata ba, tana amsawa. Rumen ya zo daga Jamus, ya gode mata da ladabi, ya ba ta zuwa ƙarshen wata ta kwashe tukwanenta. Ɗaliban sun halarci jana'iza, suka ci dafaffiyar alkamar da ake rabawa. Kalin ya ce sun fara nema mata wani kicin na haya, amma ba a dace ba tukuna.

Lokacin tattasai bai wuce ba. Velichka ta fito da ɗan murhun lantarki barandarta, irin wanda ke gasa tattasai ɗaya bayan ɗaya. Ta saka na farko, ta zauna tana jira. A ƙasa, wani mutum mai jar hula yana auna faɗin gidan tsohon da tef.